Hanyar Dalma: Daga Ramin Zinare Zuwa Ƙwaryar Kunu

A farkon shekarar 2010, agwagi ne suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, domin annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce a karkara. Sai ciwo ya shiga yara: amai, ciwon ciki, kasala, daga nan jijjiga, cikin 'yan kwanaki an kai yaro makwancinsa. Lokacin kuwa bazara ta kunno kai, lokacin sanƙarau, don haka can tunanin kowa ya tafi, ko kuma ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. An ba da magungunan waɗannan cututtuka, yara ba su daina mutuwa ba. A watan Maris ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin don sa ido kan sanƙarau, suka lura cewa yawan yaran da ake binnewa ya wuce hankali. Da aka gwada jini sai sunan abin ya fito, gubar dalma ce.

Masu bincike na cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Najeriya, sun bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma a watan Mayu na shekarar. A gidaje 119 da suka shiga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari suna ɗauke da dalmar da ta kai matakin da sai an ba da maganin fitar da ita. Daga baya aka gano ciwon a Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara aƙalla 400 suka rasu, wasu dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu.

An ba da wannan labari sau da yawa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne hanyar da gubar ta bi, daga dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa har zuwa ƙwaƙwalwar yaron da bai taɓa taka bakin rami ba. Ni kuwa a ganina nan ne maganar take. Ƙwayar cuta mai rai ce, ana kashe ta da magani, da wuta, da zafin rana. Dalma ba ta da ran da za a kashe. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ƙare, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, sai ma ya ƙara mata kauri idan ruwan ya tsotse. Abin da kawai take yi shi ne sauya mazauni, kuma haka zaiba take, haka sinadaran asinik da kadmiyam masu guba. Duk aikin da za a yi a kan irin waɗannan gubobi ya ta'allaƙa ne ga sanin inda suke a yau, da abin da zai ɗauke su gobe.

Zinaren Zamfara yana cikin jijiyoyin farin dutse ne da suka ratsa tsofaffin duwatsun yankin, kuma ba jiya aka fara haƙarsa ba, tun a shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka sun yi wannan harka a ƙasar nan. A wasu jijiyoyin, zinaren yana tare da dutsen dalma mai ƙyalli, irin wanda ake daka tozali da shi. Muddin yana can ƙasa cikin dutse, ba ya cutar da kowa. Sai dai a kusa da doron ƙasa, ruwan sama da iska sun daɗe suna cin wannan dutse, har suka mayar da dalmar wani nau'i mai sauƙin narkewa. Masana duwatsu na Amurka da suka gwada samfurin sun tarar cewa ruwan tsamin da ke cikin tumbin ɗan Adam yana narkar da mafi yawanta. Abu biyu ke nan suka haɗu: dutsen yana da dalma mai yawa, a wasu wuraren fiye da kashi 10 cikin ɗari, sannan irin dalmar da jiki ke saurin sha ce.

To me ya sa sai a wannan lokaci? Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya tashi, har ya haura dala 1,000 kowane oza, wato ma'aunin nauyin zinare, a 2009. Manomin da ke zaman jiran damina ya ga cewa buhun dutse na iya kawo masa abin da buhunan gero ba za su kawo ba. Wanda ya san rani a karkarar Zamfara ba zai ga laifinsa ba. Sannan aka samu sauyin kayan aiki, wanda shi ne ya fi komai muni. A da turmi da taɓarya da guduma ne, aikin yana tafiya a hankali. Sai aka koma ga injin niƙa, irin na gari, ana zuba busasshen dutse yana fitowa gari mai laushi, ƙura tana tashi tana lulluɓe mai niƙa da katanga da duk abin da ke kusa. Niƙa shi ne matakin da ke mayar da dutse guba. Yaro ba zai haɗiye ƙaton dutse ba, amma ƙurar da ido ba ya gani tana maƙale wa yatsa, ta zauna a kan ƙwarya, ta shiga hanci.

Binciken da na ambata ya tarar cewa a gida biyu cikin kowane uku, a cikin gidan ake sarrafa dutsen. Dalilan a fili suke. Dutsen dukiya ne, ba a barin dukiya a daji. Matan da ke cikin gida kuma sun samu sana'a ta fasa dutse da shanya shi ba tare da sun fita ba, abin da ya zama rufin asiri gare su. Amma tsakar gidan Bahaushe ita ce ɗakin girki, ita ce wurin shanya, ita ce filin wasan mai rarrafe. A nan ake surfe, a nan ake tankaɗe, a nan ake ajiye tulu. Mai goyo tana fasa dutse jaririnta na bayanta. A wasu gidajen da aka auna, dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce miligiram 100,000 a kowane kilo, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara miligiram 400 ne, kuma a 2024 ma sun rage shi zuwa 200.

Daga tsakar gida ƙurar tana da ƙofofi da yawa. Ta farko ita ce hannun yaro. Ɗan shekara ɗaya ko biyu yana sa hannu a baki sau ba adadi a wuni, yana tsintar abin da ya faɗi, wani har ƙasar yake ɗiba ya ci. Ta biyu ita ce abinci, kuma a nan akwai abin da ya kamata a fahimta da kyau. Dalma tana riƙe ƙasa gam, tsiro ba ya jan ta da yawa zuwa cikin ƙwayar hatsi. Masu binciken da suka bi abincin yankin sun ga cewa mafi yawan dalmar da ke cikin gero da dawa bayan girbi ta shiga, a wurin sussuka, a shanya a ƙasa, a turmi, da injin da ya niƙa dutse sannan ya niƙa gari. Busassun ganyayen miya irin su kuka da rama da zogale, da ake bazawa a tabarma iska tana kaɗawa, su ma suna kwasar rabonsu. Amfanin gonar yana barin gona da tsabtarsa, a tsakanin rumbu da tukunya yake gurɓacewa. Wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangaren, domin abin da ke faruwa a tsakar gida ana iya gyara shi.

Sai ruwa. Bayan niƙa ana wanke garin dutsen a bakin kududdufi ko rafi don a ware mai nauyi daga marar nauyi, taɓon da ya rage kuma a bar shi tuli a wurin. Wannan taɓo ne agwagi ke caccaka, nan dabbobi ke shan ruwa, nan yara ke wanka. Idan kududdufin ya ƙafe da rani, daga nan ake ɗibar ƙasar tubali da yaɓe, sai gubar ta koma bangon ɗakin kwana, tana zubowa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Rijiyar da ba ta da murfi tana karɓar ƙura daga sama, guga kuma yana kai mata ta ƙasa. Da damina kwararar ruwa tana share tulin taɓon zuwa kwari, da hunturu iska tana ɗaga shi ta raba wa maƙwabta. Shi ya sa aka samu dalma a jinin yaran gidajen da ba su taɓa harkar zinare ba. Shi kansa mai haƙa, ko da a daji yake aikinsa, yana dawowa da ita a riga da gashin kai da takalmi, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka.

Tambayar da iyaye suka yi ta yi a lokacin ita ce, don me yara ke mutuwa alhali manyan da ke tsaye a bakin injin suna nan da ƙafafunsu? Jikin yaro gini yake yi. Yana neman kalsiyam don ƙashi da haƙora, yana neman sinadarin ayon, wato ƙarfe, don jini, kuma hanjinsa a buɗe yake ga duk abin da ya yi kama da su. Dalma kuwa kamar ɓarawo ce da ya sa rigar ɗan gida, mai gadi ya buɗe masa ƙofa da hannunsa. Babba yana shan kusan kashi 10 cikin ɗari na dalmar da ya haɗiya, yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na wannan. Idan cikin babu abinci, ko yaron yana da ƙarancin jini ko tamowa, abin da yake sha ya fi haka. A yankin da yunwa ke kama yara tun kafin kaka ta zo, talauci ya turo iyaye ga dutsen, sannan ya sa jikin 'ya'yansu ya fi karɓar gubar.

Idan ta shiga jini, tana hana jiki haɗa jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, sai ƙarancin jini ya ƙaru, ƙarancin jinin kuma ya ƙara buɗe mata hanya. Tana taɓa ƙoda, a manya tana kawo hawan jini da raunin haihuwa. Shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga abin da ke yawo a jini bai gama ƙwari ba a ƙaramin yaro, don haka tana ƙetarawa, ta shiga wurin da kalsiyam ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi ta dagula shi. Idan ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura, jijjigar da aka gani ke nan. Ana auna ta da maikirogiram a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Daga 45 ake fara tunanin maganin fitarwa, daga 70 zuwa sama rai na cikin haɗari. Na'urar gwajin da aka shiga ƙauyuka da ita tana tsayawa ne a 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa.

Mutuwa ita ce ɓangaren da ake gani. A ƙasa da waɗannan alƙaluma akwai ɓarnar da ba ta da zazzaɓi, ba ta da kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mataki na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma tun daga 5 take son a nemo inda yaro ke samun ta. A irin wannan mataki yaro yana wasa, yana cin abinci, amma fahimta tana raguwa, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, fushi yana zuwa da sauri. Sai ya kai makarantar allo ko ta boko a ce ba ya riƙe karatu, a ce taurin kai ne, a kai masa bulala. Wannan ɓangare ne ya fi ci mini rai, domin yaron yana karɓar hukunci a kan abin da aka yi wa ƙwaƙwalwarsa tun yana rarrafe. Waɗanda suka tsira daga jijjiga kuwa, wasunsu sun rasa gani ko ji ko magana, wasu gaɓoɓinsu sun shanye.

Maganin da MSF ta yi amfani da shi, sakzima, yana kama dalmar da ke cikin jini ne ya fitar da ita ta fitsari, ana sha na makonni. Ya ceci rayuka, mace-mace sun ragu ƙwarai bayan an fara shi. Amma yana da iyaka biyu. Ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Sannan dalmar da ke jini kaɗan ce daga abin da jiki ya tara. A jini rabinta kan ragu cikin wata guda, amma a ƙashi tana zama shekaru gommai, kuma a babban mutum fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙashi take. Ana gama zagayen magani jini ya sauka, sai ƙashi ya sako wata, a sake komawa. Idan kuma yaron ya koma tsakar gidan da ya kwaso ta, an yi aikin baban giwa. Don haka likitocin suka kafe a kan sharaɗi ɗaya: sai an tsabtace ƙauye kafin a fara ba yaransa magani.

Tsabtacewar aikin hannu ce, da shebur da fartanya da buhu. Kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho ta Amurka, da cibiyar Blacksmith, da ma'aikatan muhalli na jiha da mutanen ƙauyukan kansu, suka riƙa kankare saman ƙasar gida-gida, kimanin santimita biyar, a kwashe a binne a ramukan da aka keɓe, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma kuma take da babbar dabar niƙa a gefenta, ita aka bari. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi a watan Mayu na 2012, ba su fito ba sai a Janairun 2013, bayan matsin lambar ƙungiyar Human Rights Watch da matasan da suka tayar da gangamin ceto Bagega a intanet. Duk tsawon wannan jira yara kimanin 1,500 suna kwana suna tashi a kan ƙasar, likitoci suna da maganin a hannu amma ba halin bayarwa. A lura kuma, ko wannan aiki bai kashe dalmar ba. An mayar da ita rami ne, kuma ramin yana buƙatar wanda zai tsare shi kada wani ya tone don neman ragowar zinare, ko ya yi gona a kai.

A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a Unguwar Magiro da Unguwar Kawo, yara kusan talatin suka rasu. Dutse iri ɗaya, injin iri ɗaya, tsakar gida iri ɗaya, shekara biyar kacal bayan Zamfara.

Akwai guba ta biyu a cikin wannan sana'a da ba ta samu rabin kulawar da dalma ta samu ba, ita ce zaiba, farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da ake kama zinare da shi. Ana cuɗa ta da hannu cikin garin da aka wanke, ta haɗiye ƙwayoyin zinaren, a matse a ƙyalle, sannan a ƙona dunƙulen, zaiba ta tashi hayaƙi zinare ya rage. Hanyarta daban ce da ta dalma. Tururinta ba shi da launi ba shi da wari, huhu yana shan kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da aka shaƙa, daga nan sai ƙwaƙwalwa da ƙoda. Makyarkyatar hannu, mantuwa, rashin barci da saurin fushi suna cikin alamunta. Idan a ɗaki ko a murhun girki aka ƙona, bango da rufi suna riƙe ta suna sakewa a hankali. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna iskar wuraren sarrafa dutse a Zamfara a ƙarshen 2010 ta tarar da zaiba fiye da ƙima nesa ba kusa ba. A duniya baki ɗaya, ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba wajen sakin zaiba a iska.

Wadda ta zube a ruwa kuma tana da wata tafiyar. A cikin laka marar iska, a ƙasan tafki ko fadama, wasu ƙwayoyin halitta suna mayar da ita wani nau'i da ke shiga naman mai rai ya ƙi fita. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, a kowane mataki tana ƙara taruwa. Shi ya sa kifi mai cin kifi, irin giwan ruwa, ya fi tara ta a kan mai cin ciyawa. Banda ko suya ba sa fitar da ita. Wannan nau'i ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gane ciwon a 1956, kuma jariran da ke ciki ne suka fi shan wahalarsa. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018. A yankin haƙar zaiba na Guizhou a ƙasar Sin an gano cewa shinkafa ma tana ɗaukar wannan nau'i daga lakar gona. Shinkafa ce kuma ta kai kadmiyam cikin jikin manoman Toyama a Japan daga ruwan da ya biyo ta wurin haƙar ma'adinai, kuma tana jan asinik fiye da sauran hatsi, saboda a cikin ruwa take tsayawa.

Duk wanda ya dubi taswira zai ga dalilin kawo wannan magana. Gulbin Zamfara yana bi ta ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya shiga Kebbi ta wajen Jega, ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Gulbin Ka ma daga Zamfara yake gangarowa Kebbi, dukansu kuma Kwara suke nufa, ta wuce Yawuri, inda ita ma ake haƙar zinare. Kebbi kuwa da shinkafa da kifi take tinƙaho. Ba ina cewa shinkafar fadamun Kebbi ko kifin Yawuri sun gurɓace ba, kuma bai kamata kowa ya faɗi haka ba sai da awo a hannu. Dalma mai nauyi ce, mafi yawanta kan kwanta kusa da inda aka zubar da ita, sai ambaliya ta tura lakar gaba. Zaiba ta fi ta nisan tafiya. Abin da nake cewa shi ne hanyar a buɗe take, kuma ruwa bai san iyakar jiha ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Auna lakar gulbi da kifi da shinkafa a kai a kai, a kuma fito da sakamakon fili, aiki ne da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Gusau da Sakkwato za su iya, idan jihohin biyu suka ɗauki nauyinsa tare.

A gefe guda, ko gidan da ke nesa da ramin zinare yana da tasa ƙofar. Tozalin da ake ɗiga wa jariri a ido, idan na dutsen dalma ne, hannu yana kai shi baki. Haka wurin da ake fasa tsohon batirin mota, da tukunyar da aka ƙera daga tarkacen ƙarfen da ba a san asalinsa ba, da wasu fentin gida.

Amsar da hukuma ta fi saurin bayarwa ita ce haramci. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai a Disambar 2024. A tsakanin nan farashin zinare ya haura dala 2,000 a 2020, a 2025 kuma ya wuce 3,000. Ta fuskar tsaro ana iya muhawara a kan amfanin haramcin. Ta fuskar guba kuwa, ina ganin illarsa ta fi yawa. Mutumin da aka hana sana'ar da yake ci da ita ba ya daina ta, ɓoye ta yake yi, kuma babu maɓoyar da ta fi cikin gida. Uwar da ke tsoron a kama mijinta ba za ta gaya wa ma'aikacin lafiya cewa ana daka dutse a gidansu ba. Ga kuma tsarin mulki, wanda ya sa ma'adinai a hannun tarayya kaɗai, alhali yaron da ya kamu asibitin jiha ko na ƙaramar hukuma za a kai shi. Mai ba da lasisi yana Abuja, mai jinya yana Anka, ba dole ne su taɓa zama a teburi ɗaya ba.

Abin da ya yi aiki a zahiri ƙananan abubuwa ne da ke datse hanyar. Fitar da niƙa daga cikin gari, wanda sarakuna da masu unguwanni suka fi kowa iya tabbatarwa domin su ake jin maganarsu. Niƙa da ruwa maimakon a bushe: gwajin da MSF ta yi da ƙungiyar OK International mai kula da lafiyar ma'aikata ya nuna cewa jiƙa dutsen yana kashe mafi yawan ƙurar, kuma dalmar da ke jinin masu aikin kansu ta sauka. Wurin wanka da sauya tufafi a bakin daba, kayan aiki su kwana a can. Injin gari daban, na dutse daban, haka turmi da buhu da tabarmar shanya. Ƙona zaiba a cikin rufaffen bututu mai mayar da tururin ruwa, wanda har riba ne ga mai aikin tunda zai sake amfani da ita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin dillalan da ke sayen zinaren, kuma ina ganin daidai ne a ɗora musu wani kaso na kuɗin, tunda su ke kwashe kaso mafi tsoka na ribar.

A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Zamfara bayan fiye da shekara goma. Yaran da suka rayu daga 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, da yawa daga cikin matan sun yi aure ko suna dab da yi. Lokacin da mace ke da juna biyu ko take shayarwa, jikinta yana ciro kalsiyam daga ƙashinta don ya gina na jariri, dalmar da ta kwanta a ƙashin tun yarinta kuma tana fitowa tare da shi, ta ƙetara mabiyiya. Jaririn da za a haifa a gidan da aka kankare aka zuba sabuwar ƙasa zai iya zuwa duniya da dalmar da uwarsa ta haɗiya tana 'yar shekara biyu. Ka'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun ba da shawarar ƙarin kalsiyam ga mai juna biyun da aka samu dalma a jininta, domin idan jiki ya samu isasshe daga abinci da magani, ba ya matsa wa ƙashi sosai. Wannan yana buƙatar a san wace ce ke ɗauke da ita. Gwajin dalma ya kamata ya shiga cikin awon ciki a asibitocin Anka da Bukkuyum da Maru, kamar yadda ake auna hawan jini, kuma sunayen yaran da aka yi wa magani a wancan lokaci suna cikin rajistar shirin, daga nan za a fara neman su.